Ƙwan lantarki ya rikita min lissafi, ku taimaka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana lantarki. Ƙwai mai wat 60 na bolt 220, a lissafi turjiyarsa (wato yadda yake tare wucewar lantarki, ana auna ta da om) wajen om 807 ce. Da na sa mita a kansa yana kashe, sai na ga om 60 kacal. Har na canza batirin mitar, duk ɗaya.

Na san zaren cikin ƙwan na ƙarfen tungstin ne, kuma turjiyar ƙarfe tana ƙaruwa idan ya yi zafi. Amma da na yi amfani da lambar ƙaruwar turjiyar tungstin, wato 0.0045 kan kowane digiri, sai ya ba ni ƙarin zafi kusan digiri 2,770. Shin wannan lambar ta 0.0045 tana aiki har can, ko ta yanayin ɗaki ce kawai? Kuma me ya sa silikon, sinadarin da ake yin kayan cikin na'urorin lantarki da shi, turjiyarsa raguwa take yi da zafi?