Musayar Waƙa: Baba Mai Jan Biro da Masu Cinye Lanƙwasa

Baba Mai Jan Biro: Assalamu alaikum. Na daɗe ina haƙuri da irin saƙonnin da 'ya'yana da jikokina suke turo mini babu lanƙwasa, wato ƙugiyar haruffan ɓ, ɗ da ƙ, yau dai na ga gara in amayar da abin da ke cina cikin baitoci.

Da sunan Ta'ala nake fara koke,
A kan masu boko da ba sa kulawa.

Ka aiko da saƙo, ka ce za ka fada,
Ashe kai faɗa za ka don naushe kowa.

Ka ce mini baki kake so na ɗinka,
Ina tela zai sami leɓen sakawa?

Ƙasar haihuwarka ka mai da ta kasa,
Macijin da ke sa mazaje gujewa.

Ku sa lanƙwasa inda doka ta ce sa,
Ku daina faɗin wai waya ke hanawa.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam, Baba. Da girman kujerarka nake amsawa.

Ina gai da Baba, gwanin jan tawada,
Ana ba shi hutu yana ƙin hutawa.

Da littafan yara suka ƙare masa,
Wayoyinmu ne yanzu yake dubawa.

Shekara da shekaru nake sayar da yadi a Kwari,
Ban taɓa miƙa wa mutum leɓe ba don sakawa.

Idan mai saye ya fahimci nufina,
Kuɗi na shigowa, ina lanƙwasawa.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara basira, Ɗan Kwari. Baitin ƙarshen nan kaɗai ya isa ya sa Baba ya mayar da bironsa aljihu, domin mu da muke fama da tukunya da yara ba mu da lokacin danna harafi mu jira ƙugiya ta fito.

Malama Bazazzagiya: Kada ki yi saurin guɗa, 'yar'uwa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko sunanta kaɗai darasi ne ga mai son koyo.

Batun lanƙwasa ma da sauƙi, ƙanena,
Rabo da haɗi ne abin firgitawa.

Jaridar da Zazzau ta haifa, ku duba,
Ku sa "tafi" nan, gaskiya sai ficewa.

"A kan" bisa ce, shi "akan" ko na sabo,
Da rata kaɗan ne ake bambancewa.

Basakkwace: Hajiya, ashe har Zage-zagi sun samu bakin magana a kan Hausa.

Ki fara da gyaran gidanku, Hajiya,
Zage-zagi su ne gwanayen ɓatawa.

Su ce rigan Audu, su ce motan Alhaji,
Tamata da namiji ba sa rabewa.

Da ajami munka yi waƙa a Sakkwato,
Tun boko bai san hanyar tahowa.

Kano ta yi doka, ta ce kowa bi ta,
Ba mu ba ta sarautar nan ba, Kanawa.

Malama Bazazzagiya: Na ji, ƙanena, ga taka.

Ka ce hwara, hwata, ka ce mini Hausa,
Ka je ka rubuta su ran jarrabawa.

Ka ga ko ajamin kaka zai cece ka,
A ranar da jan biro ke zagayawa.

Mai Aruli: Ku yi mini afuwa in mayar da ku baya, domin akwai ɓarnar da aka wuce ta ana tafi. Baba ya ɗora waƙarsa a kan karin Mutaƙarab, kowane ɗango, wato layi, da gaɓa 12, gajera ɗaya tana jan nannauya biyu, wato fa'ulun, kuma ladabin musaya shi ne mai amsawa ya hau karin da aka fara da shi. Ɗangon da Ɗan Kwari ya ambaci kasuwarsu gaɓa 17 ne cif, wanda ya biyo shi kuma 15. Riƙe amsa-amon "wa" bai wanke shi ba, domin amsa-amo ba kari ba ne.

Ɗan Kwari:

Ya Malam Aruli, ma'aunin gaɓoɓi,
Kana ƙirga wake, tuwo na hucewa.

Makaɗan fada ba su san fa'ulun ba,
Sarakai suna ji suna jinjinawa.

Mai Aruli: Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗin fada yana da taushi ko kotso, kuma kiɗan shine yake riƙe masa kari, yana da 'yan amshi da suke cike masa gurbi idan numfashi ya gaza. Kai kuwa ba ka da ganga, ba ka da 'yan amshi, saboda haka gaɓoɓinka ne kaɗai za su tsaya maka.

Uwar Biyu: 'Yan amshi kam yana da su, ga ni nan. Malam Mai Aruli bai kawo ko baiti ɗaya nasa ba tun da ya shigo, sai awon na mutane.

Baba Mai Jan Biro: Na dawo daga masallaci na tarar da gida ya cika. Malam Mai Aruli, na gode da ka tsaya mini, amma biro ba ya sanin aboki.

Na ɗauka na samu mataimaki yau,
Ashe shi ma nasa yana son dubawa.

Ka auna gaɓoɓi, ka manne "shi" da "ne",
Kalmomi biyu ne, ba a liƙawa.

Kai kuma ɗana Basakkwace, gaskiya ne cewa daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da karin harshen Kano, amma ba Kanawa ne suka zauna su kaɗai suka yanka wa kowa doka ba. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa tun 1912, Hukumar Hausa da aka kafa a 1955 ta yi nata gyaran, sannan aka zauna a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO. Ba wanda ya hana ka faɗin hwara a zaure, a takarda ne kawai aka nemi mu haɗu a wuri ɗaya.

Basakkwace: To, Baba, ashe Bature ne ya fara, Kano ta gada. Wannan bai rage mini zafi ba, ƙara shi ya yi.

Ɗan Damagaram: Na iso a makare, amma ba zan wuce abokan wasana ba tare da na taɓa su ba.

Kanawa, ku daina gadara da doka,
Uku kuka iya, mu huɗu muke sawa.

Kuna rataye waƙafi bisa 'ya'ya,
Mu ƴaƴanmu ƙugiya muke ɗaurawa.

Mai Aruli: Ɗango na biyu a baitin farko ya karye a tsakiya, kuma har yanzu ina jiran Ɗan Kwari ya rage gaɓoɓi 5 ɗin da ya ƙara.

Ɗan Kwari: Malam, ka fara raba "shi" da "ne" tukuna, sannan mu yi maganar ragi. Baba, ka huta, wannan baƙon nawa ne.

Ka zo har gidanmu kana mana gori,
Bakano ba ya barin wannan wucewa.

Ka zo Kwari gobe da jakar sefarka,
Rasit mai ƙugiya huɗu nake bayarwa.