Wai tafkin Chadi kududdufi ne?

Ɗan Kuseri: Jama'a, jiya na dawo daga Darak, can tafkin Chadi ɓangarenmu na Kamaru, raina a ɓace. Ƙura muka sha daga Kuseri har Blangwa, daga nan muka shiga kwalekwale. Mai inji ya ɗaga farfela ya fi sau goma yana cire ciyawa da leda. A gaɓa na ga an juye kamu, 'yan karfasa ko tsawon yatsa ba su kai ba, ashe da gidan sauro ake jan su. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, fari ya mayar da shi ƙasa da 2,000 a shekarun 1980, ɗan kifin da ya rage a ciki kuma muna cinye shi tun yana ƙwai. Wannan kududdufin za mu bar wa yara?

Mai Banda: Kududdufi?! Malam, janye kalmar nan. Shekara ashirin ina loda banda daga nan.

Hajiya ta Injamena: Ɗana, ina kake a 2022 da 2024 da ruwan kogunan Shari da Logon ya shiga mana har ɗaka? Kuseri ma bai ƙyale ku ba. Duk ruwan nan tafki ya nufa. Kududdufin wa ke haɗiye wannan?

Ɗan Kuseri: Hajiya, ni maganar gidan sauro nake.

Malamin Makaranta: A Hausa kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, ruwan sama ya taru a ciki. To wa ya haƙa wannan?

Mai Banda: Tambaye shi dai, Malam!

Na Bol: Ku mutanen Kamaru kun ga ɗan gefenku kun yanke hukunci. Ku zo Bol ku ga shanun Kuri na iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ba banza aka sa masa sunan ƙasarmu ba.

Malamin Makaranta: A'a, ƙasar ce ta ari sunan tafkin.

Na Bol: Ari? Da bakinka?

Baban Yara: Ni dai abin da na sani, tun da aka tare ruwa a Maga ta arewacin Kamaru a 1979 saboda shinkafa, fadamun Waza suka fara bushewa.

Manomi: Ka bar shinkafa ta huta. Da me ka yi sahur bara?

Baban Yara: Da ta Tailan, ɗan'uwa, taku tsakuwa ta yi yawa.

Manomi: Allah ya isa.

Ɗan Baga: Darak ɗin ma ai iyayenmu 'yan Najeriya ne suka raya ta.

Mai Banda: Kotun duniya ta ba Kamaru Darak tun 2002. Kawo wata.

Ɗan Kuseri: Don Allah, ko mutum ɗaya ya ce wani abu kan ƙananan kifin nan.

Hajiya ta Injamena: Sai ka janye tukuna.

Shugaban zaure: To, ya isa haka. Abin da muka tsayar: tafki na nan da ransa, kududdufi kuskuren baki ne, mun yafe wa yaro. Laifin raguwar ruwa na fari ne da masu shinkafa, kowa ya yarda. Batun raga kuwa babu wanda ya kawo hujja, mu daina ɓata wa masunta da masu sayar musu da kaya suna. Na rufe. Mai son raga ko ƙugiya ya same ni a shago bayan la'asar, sabbi sun iso.

Manomi: Wane ne "kowa"?