Hazon hunturu ya dagula mini hotunan Sentinel-2 na Jos

Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a taimaka. Ina nazarin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, da hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 matakin 1C (waɗanda ba a cire musu tasirin iska ba tukuna), ina cire tasirin iska da ƙura da manhajar Sen2Cor. Na Oktoba suna fita lafiya lau. Na Janairu kuwa, da hazo ya turnuƙe, ruwan yana fitowa fari-fari, lissafin NDWI (ma'aunin gano ruwa a hoto) ya dagule. Na sa DEM (bayanan tsayin ƙasa), tunda Jos ta kai mita 1,200 sama da teku, amma ba ta canza zani ba. Zargina, Sen2Cor da ciyayi masu duhu yake auna ƙura, su kuwa rani ya ƙone su. Ana iya ba shi adadin ƙurar da hannu, ko in koma ACOLITE, wata manhajar cire tasirin iska da aka yi don hotunan ruwa?