Wai ta yaya Yahudawa suka shiga harkar waƙa da fim a Amurka?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Musu ya kaure a fadarmu, wani ya ce wai Yahudawa ne suka kafa Hollywood, har waƙar Kirsimeti da ta fi shahara a Amurka ma Bayahude ya rubuta ta. Ni dai ban yarda ba. Masu tarihi ku raba mu gardama.

Mushe: Wa alaikumus salam. Ƙanena abokinka bai yi ƙarya ba. Irving Berlin ne ya rubuta White Christmas, an haife shi 1888 a daular Rasha, iyayensa suka gudo da shi New York a 1893, babansa kuwa mai rera addu'a ne a majami'arsu. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka bar gabashin Turai saboda kisa da ƙona masu gidaje da ake yi, suka iso ba ko sisi, manyan bankuna da kamfanoni ba sa ɗaukarsu, sai suka faɗa sana'ar da masu kuɗi ke raina wa, lokacin ana ganin fim abin talakawa ne, ana nuna shi a kantin da ake jera kujeru a biya senti 5 a shiga, kamar yadda muke tara dala-dala muna yara mu shiga gidan bidiyo a Zango. Cikin manyan masu kamfanonin fim, Adolph Zukor na Paramount fatu yake sayarwa kafin nan, Samuel Goldwyn safar hannu, Louis B. Mayer kuwa gwangwan. Carl Laemmle daga Jamus ya zo, ya kafa Universal a 1912.

Hadiza: To Mushe ina baƙaƙen fata a labarin? Ni na san jazz da blues nasu ne fa.

Tsohon DJ: Yauwa ƴar uwa, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Kiɗan na baƙaƙe ne, wannan ba musu. Leonard da Phil Chess Yahudawa ne, daga Poland suka zo, a 1950 suka buɗe Chess Records a Chicago, su suka buga faifan Muddy Waters da Chuck Berry lokacin da manyan kamfanoni ba su kula irin wannan kiɗa. Amma mawaƙa da dama sun koka kan kuɗin da ke isa hannunsu, a kamfanonin zamanin gaba ɗaya. Shi kuma Al Jolson, mawaƙi Bayahude, baƙi yake shafawa a fuska ya kwaikwayi baƙar fata, abin takaici wallahi, har a fim ɗin 1927 da aka fara jin murya.

Mushe: Haka ne. Sai dai Ɗan Birni ka faɗa ma ƴan fada kar a maida zancen wai wani shiri ne na ɓoye. Mutanen nan gaba suke da juna, suna kwace ma juna ƴan wasa, wasu ma sunansu suka canza don kar a gane su. Berlin ɗin Israel Beilin ne sunansa na yanka.