Tsohuwar mota mai kafireta tana shaƙewa a hawa, ta ina zan fara?

Ɗanlami:
Assalamu alaikum. Mota ce mai silinda huɗu, kafireta mai maƙogwaro biyu, dilkonta na kwantak. Bugu ɗaya take tashi, sulo lafiya lau. Amma da an kama hawa, ko an take totur sosai a giya ta uku, sai ta ja kamar daƙiƙa 10, daga nan ta fara shaƙewa, wani sa'in har da atishawa ta kafireta. Da an sassauta ƙafa sai ta dawo daidai. An wanke kafireta, an sa sababbin filogi, shiru. Masana, a taimaka.

Oga Bala:
Wa'alaikumus salam. Malam Ɗanlami, daƙiƙa goman nan da ka ambata ita ce ta tona asirin motar. Man da ya taru a kofin fulot (ɗan kofin ajiyar mai da ke cikin kafireta) take sha, in ya ƙare kuma wanda ke shigowa ba ya isarta. Ke nan ka bar kafireta tukuna, ka bi hanyar mai.

Cire tiyon da ke shiga kafireta ka zura shi a gora, nesa da manifol da wayoyin filogi. Ka tada injin, zai yi aiki da ɗan man da ya rage a kofi. Famfo mai lafiya zai ba ka kusan rabin lita cikin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. In kana da gejin auna matsin mai, yawancin ƙananan injuna 2.5 zuwa 4 psi suke so. In man ya gaza, canza filta, ka duba ƙaramar ragar da ke bakin kafireta, wadda masu wanki kan manta da ita. Tiyon roba da ke tsakanin tanki da famfo shi ma munafuki ne: in ya tsage ba ya yoyo, iska yake zuƙa. Sannan ka shinshina baƙin mai a jikin sandar gejinsa. In kana jin warin fetur, mai yiwuwa fatar famfo ta huje.

In man ya zo isasshe, sai ka auna tsayin fulot yadda littafin motar ya ce. Fulot da ya yi ƙasa haka yake yi.

Injiniya Hadiza:
Na yarda da Oga Bala, domin wuta in ta yi rauni nan take motar ke tsinkewa da an take ta, ba ta jiran daƙiƙa 10. Duk da haka a duba dilko, tunda ba a taɓa shi ba. Dundunniyar kwantak tana cinyewa, tazara ta ragu, tayimin (lokacin da filogi ke ba da wuta) ya koma baya da kansa. A galibin masu silinda huɗu tazarar kusan 0.4 mm ce, ta filogi 0.7 zuwa 0.8 mm. Kwantak ake fara saitawa kafin tayimin, in aka juya tsarin an yi aikin banza. A cire tiyon iska na dilko a toshe shi, a haska fitilar tayimin: yawanci digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. A taka totur zuwa juyi 3,000 a minti, dole alamar tayimin ta matsa gaba sosai. In ta tsaya cik, ƙarafan cikin dilko sun cije. Murɗa rota da hannu ma yana nunawa: ta ɗan juya, ta dawo da kanta.

Malam Sabo:
Akwai abin da ke kwaikwayon ƙarancin mai: toshewar salansa. Gejin bakum, mai auna ƙarfin zuƙar iska ta injin, shi ke raba gardama. A sulo allura ta tsaya tsakanin inci 17 da 21. Riƙe injin a juyi 2,500 a minti. In allurar tana sauka a hankali, hayaƙi ba ya samun fita. Awon kwamfireshan (matsin cikin silinda) a bar shi ƙarshe, domin injin da ringi ko bawul ya gaji kullum a mace yake, ba ya ja ya daina.

Ɗanlami:
Na gode ƙwarai. An gwada: cikin minti ɗaya ko rabin kofin shayi bai cika ba. Da aka ba famfo mai kai tsaye daga galan, sai ya riƙa feso shi da ƙarfi.

Oga Bala:
To famfonka lafiyarsa ƙalau, kada a sa ka sayi sabo. Matsalar tana tsakaninsa da tanki. Buɗe murfin tanki ka sake awon. In man ya ƙaru, hanyar numfashin tanki ce ta toshe. In bai ƙaru ba, cire tiyo daga famfo ka hura iska a hankali zuwa tanki, murfi a buɗe, wani ya kasa kunne ko zai ji ɓulɓul. In hurawar ta gyara ta na 'yan kwanaki sannan ta koma, tsatsa ce ke taruwa a ragar bututun da ke cikin tanki. Sai an sauke tankin an wanke shi, a canza duk tiyoyin roba, a bi bututun ƙarfe na ƙarƙashin mota ko jak ya taɓa matse shi.