Taƙaitawa: sha'awa a labaran matattu masu shan jini

Jama'a, zancen da muka yi kan yadda sha'awar jima'i ke bayyana a labaran matattu masu shan jini ya yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cizon wuya ne ke tsayawa a madadin saduwa. Marubutan zamanin Sarauniya Victoria ba su da damar faɗin abin a fili, sai suka lulluɓe shi da dare da jini.

2. An fi daɗewa kan littafin Carmilla na Sheridan Le Fanu, na 1872. Mai shan jinin mace ce, wadda take farauta kuma budurwa ce, Laura. Tana rungume ta, tana sumbatar kumatunta, ita Laura tana jin ƙauna da ƙyama lokaci guda. A nan aka rabu. Wasu sun ce littafin ya bai wa sha'awar mace ga mace murya, wasu sun ce dodo ya mai da ita, tunda a ƙarshe an soke ƙirjin mai shan jinin an sare kanta. Ni dai hujjar ɓangare na biyu ta fi kama ni.

3. Littafin Dracula na Bram Stoker ya fito a 1897, shekara 2 bayan ɗaure marubuci Oscar Wilde kan luwaɗi. An kawo wurin da Dracula ya kori wasu mata uku masu shan jini daga kan baƙonsa, wani mutum mai suna Harker, yana cewa mutumin nasa ne. Wasu na ganin alaƙa tsakanin wannan wurin da batun Wilde, wasu sun ce an cika zurfafawa.

4. Shawarar da ta fi yawa: a fara da tsofaffin littattafan kafin littafin Anne Rice na 1976, kuma iyaye su duba kafin su miƙa wa yara.