"Had": wai da gaske ita ce kalmar haɗin kai a Aramiyanci?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. An ɗora mini jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na mako mai zuwa, kan addu'ar Yesu a Yahaya 17, inda ya roƙa wa almajiransa su zama ɗaya. Ina cikin shiri sai wani ya turo mini wa'azi a waya. Mai wa'azin ya ce kalmar da ta fito daga bakin Yesu ita ce "had", wai a Aramiyanci, harshen da Yesu yake magana da shi, tana nufin haɗin kai mai zurfi wanda ba ya tsinkewa, kuma duk fassarori sun rage mata nauyi. Abin ya shige ni, balle da na ji ta yi kama da "haɗa" tamu. Har na rubuta ta a saman takardata da jan biro, na ja mata layi biyu.

Da dare na ce bari dai in gani da idona. Ina da wani tsohon littafi da kawuna ya bar mini, mai nassin asali a sama da ma'anar kowace kalma a ƙarƙashinta. Na bi Daniyel da Ezra da yatsa har wajen ƙarfe biyu. Abin da na tarar ya sanyaya mini gwiwa. A Daniyel 2:31 "tselem had" ne, wato wani mutum-mutumi. A Ezra 4:8 wata wasiƙa ce aka rubuta wa sarki. A Ezra 6:2 wani naɗaɗɗen littafi ne aka samu a Akmeta. A Daniyel 7:1 shekarar fari ce ta sarautar Belshazzar. A 3:19 kuwa Nebukadnezzar ne ya fusata ya ce a zuga tanderu "had shib'a", ninki bakwai. Wuri guda kaɗai na ga ta ɗauki ma'anar "tare", a Daniyel 2:35, kuma can ma ba zumunci ake ba. Baƙin ƙarfe da yumɓu da tagulla da azurfa da zinariya ne suka farfashe "kahada", gaba ɗaya, suka zama kamar ƙaiƙayi, iska ta kwashe.

To ina haɗin kan yake? Ni ne ban iya dubawa ba, ko mai wa'azin ne ya ƙara gishiri? Ba na so in tsaya gaban mutane in faɗi abin da wani zai ƙure ni a kai.

Tsohon Malami ya rubuta:

Ɗana, ka duba daidai, kuma ka kyauta da ka duba. "Had" lamba ce, ɗaya kenan, ta mace kuma "hada". 'Yar'uwar "ehad" ce ta Ibrananci, Aramiyanci ne ya yar da harafin farko. Yadda za ka ce "wani mutum ɗaya ya zo" ba tare da kana koyar da tauhidi ba, haka marubucin Ezra ya ce wasiƙa ɗaya.

Ka kuma tuna Aramiyancin da ke cikin Tsohon Alkawari kaɗan ne ƙwarai: Daniyel 2:4 zuwa 7:28, Ezra 4:8 zuwa 6:18 da 7:12 zuwa 26, aya guda a Irmiya 10:11, sai kalmomi biyu a Farawa 31:47, sunan da Laban ya sa wa tarin duwatsu. Mafi yawansa maganar fada ce, wasiƙun hukuma da umarnin sarakuna da mafarkai. Ba a nan za ka nemi suna mai ma'anar "ɗayantaka" ba.

Inda mai wa'azinka ya samo maganarsa, ina kyautata zato, Feshitta ce, wato Littafi Mai Tsarki na Suriyanci, reshen Aramiyanci na birnin Edessa, wanda yau ake kira Urfa a Turkiyya. A can, Yahaya 17 na cewa "d-nehwon had", domin su zama ɗaya, a Yahaya 10:30 kuma "ena w-abi had hnan", ni da Ubana ɗaya muke. Har nan bai yi ƙarya ba. Inda ya zame shi ne Bisharar Yahaya da Helenanci aka rubuta ta, kalmar da ke wurin ita ce "hen", ita kuma Feshitta ta Sabon Alkawari fassara ce daga Helenancin, ta kankama wajen farkon ƙarni na 5. Kalmomin Aramiyanci da marubuta Bishara suka ajiye mana yadda Yesu ya furta su sanannu ne: Talita kumi, Iffata, Abba, Eloi Eloi lama sabaktani. "Had" ba ta cikinsu. Mai yiwuwa ne ƙwarai ita ya faɗa, tunda da Aramiyanci yake magana kuma ita ce kalmar ɗaya. Amma ko da ita ya faɗa, "ɗaya" ya ce, yadda yaro mai ƙirga awaki zai ce. Nauyin yana cikin abin da ya biyo baya, "kamar yadda muke ɗaya".

In kana son kalmar da ta fi kusa da abin da kake nema, buɗe Afisawa 4. Kalmar Helenanci ta ɗayantaka, "henotes", sau biyu kacal ta zo a Sabon Alkawari, a aya ta 3 da ta 13. Masu fassarar Suriyanci ba su yi musu fassara iri ɗaya ba. A aya ta 3 sun sa "awyuta", jituwa, bakin mutane ya zo ɗaya, jituwar Ruhu da ake tsarewa da ɗaurin salama. A ta 13 sun ce har mu zama "had meddem", abu guda, cikin bangaskiya. Tsakaninsu kuma "had" da ta macenta, "hda" a Suriyanci, sun jeru sau bakwai: jiki, Ruhu, bege, Ubangiji, bangaskiya, baftisma, Allah. Ni da a ce ni zan koyar, a nan zan yada zango.

Akwai "hdayuta", ita ce ainihin sunan da aka ƙera daga "had". Ta yi tashe ne a muhawarar ƙarni na 5, lokacin majalisun Afisa a 431 da Kalsidon a 451, kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu cikin Almasihu. Wannan wani dogon zance ne, kada ka kai shi ajinka.

Almajirin Nahawu ya rubuta:

Ni Musulmi ne, Larabci na karanta, amma zancen ya ja ni, ku yi mini afuwa in sa baki. Wannan "had" ai gidansu ɗaya da "ahad" da "wahid", daga nan ne "tauhidi" ya fito. Kuma kalmar tana bakinmu kowane mako ba mu lura ba: Lahadi daga "al-ahad" take, ranar ɗaya. Masu Suriyanci su ma "had b-shabba" suke ce mata, ɗaya cikin mako.

Amma ɗan'uwa Ɗan Koyo, batun "haɗa" ka ajiye shi gefe. Harafin farko na "had" na maƙogwaro ne, irin na "hamdu" a bakin Balarabe, ɗ ɗinmu kuwa ba d ba ne. Kamar sauti ba ta zama shaidar dangantaka. Mu ai "ɗaya" muke cewa.

Mai Kishin Kalma ya rubuta:

Malam, ban yarda a ce lamba ce kawai ba. A Farawa 2:24 miji da mata sun zama nama "ehad", mutum biyu amma ɗaya. A Maimaitawar Shari'a 6:4 Ubangiji "ehad" ne, Targum, wato tsohuwar fassarar Yahudawa zuwa Aramiyanci, ya sa "had". Wannan bai nuna kalmar kanta na ɗauke da jam'i a ciki ba?

Tsohon Malami ya rubuta:

Ayoyin da ka kawo daidai suke, har da ta Targum. Amma duba Daniyel 6:2, inda aka naɗa manya uku, Daniyel "had" daga cikinsu. Jam'in me ke cikin Daniyel? In na ce garke ɗaya, yawan yana cikin garke, ba cikin ɗaya ba. A Farawa ma ayar ce ta gaya maka su biyu ne. Ba na rage wa koyarwar da kake karewa komai, ina cewa ne kada ka jingina ta da ƙamus, don duk wanda ya san harshen zai ture ta da yatsa guda.

Maman Tagwaye ta rubuta:

Ni ban san Aramiyanci ba sai abin da na tsinta wajen maigidana, amma Ɗan Koyo, ka yi saurin barin Daniyel 2. Ka ce can ba zumunci ake ba. Sauka zuwa aya ta 43. Ƙafafun nan na ƙarfe gauraye da yumɓu, Daniyel ya ce za su cuɗanya amma ba za su manne wa juna ba. Kalmar mannewar, "dabekin", tushenta ɗaya da wadda ke Farawa 2:24, inda mutum zai manne wa matarsa. Kenan mutum-mutumin tun farko an kira shi "had", daga nesa abu guda ne, mai girma, mai ƙyalli, mai ban tsoro, alhali a ƙasa ba abin da ya kama wani. Ba su zama "kahada" na gaske ba sai ranar da dutse ya niƙe su.

Na taɓa zama a wata ƙungiyar mawaƙa shekara huɗu, kaya iri ɗaya, murya ɗaya a gaban jama'a, amma akwai mata biyu da ba sa gaisawa, kowa ya sani, ba mai tankawa. Ranar da aka zo zaɓen shugaba ƙungiyar ta watse cikin awa guda. Duk lokacin da na karanta ayar nan su nake tunawa.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Na gode Baba Malam, na gode Mama, da kai Malam Almajiri, zancen Lahadin nan sai na faɗa wa ajin. Na soke jan rubutun da ke saman takardata. Yanzu tsarin shi ne mu fara da Daniyel 2:31, 35 da 43, mu wuce Afisawa 4:3 zuwa 6, sannan mu sauka a Yahaya 17. Mama, in kin yarda zan ba da labarin mawaƙan nan ba tare da na ce daga ina na ji ba.

Saura tambaya guda, Baba. A Zabura 133:1, inda 'yan'uwa suke zaune tare, littafin kawuna ya nuna "yahad". Me Feshitta ta sa a wurin?

Tsohon Malami ya rubuta:

"Akhda", kamar ɗaya. Ginin kalmar iri guda ne da "kahada" ɗinka ta Daniyel 2:35. Ka rubuta su biyun a allo kusa da juna kafin mutane su shigo.